Wuƙar da Masu Jego Suka Ƙwace Mini

Ni dai ban taɓa jin inda mace za ta je da ƙafarta ta sa a ƙera mata wuƙa, sannan ta koma tana bin gida gida tana roƙon a ba ta abarta ba, sai a unguwarmu. Duk shekarun da na yi ina sayar da abinci a bakin tashar da motocin 'yan zinariya ke lodi a Agadas, ba abin da ya ci mini rai kamar wannan. Ya fi hayaƙin icce, ya fi ƙudaje.

Rumfata ƙarama ce, shinkafa da miya da rana, makaroni da yamma, amma aikin wuƙa a cikinta ba ƙarami ba ne. Da sassafe mahauci zai jefo mini rabin akuya da ƙashinta da jijiyarta, ni zan sassara. Albasar da ake saukowa da ita daga lambunan dutse, ni zan yanka, ga shu, wato kabeji, ga tattasai. Direba zai zo igiyar lodinsa ta cije, ya ce Inna ara mini wuƙa. Wani zai huda bido, jarkar ruwa ko ta mai, wani zai datse bakin tiyo. Duk wannan da wuƙaƙen kasuwa nake fama, masu ƙyallin nan da ake ce wa inoks, masu mariƙin roba. Kyau kamar madubi, aiki babu. Ka wasa ta da safe, kafin azahar ta koma murza tumatir maimakon yanka shi. In ta ci karo da ƙashi sai ta lanƙwashe. Ranar da ɗaya ta karye a haƙarƙarin akuya, guntun ya tashi ya tsaga mini tafin hannu, na naɗe hannun da tsumma na ce wallahi ya isa haka, na nufi maƙera.

Maƙerin wani dattijon Ba'abzine ne, yana da 'yar rumfar tabarmi bayan kasuwar dabbobi. Rawani har hanci, ba ka ganin komai sai idanu suna yi maka dariya. Maƙeransu an san su da baki, ba wanda suke raga wa. Na ce ina son wuƙa. Ya ce, "Ta yanka wa?" Na ce ta yanka maƙeri in ya ɓata mini lokaci. Ya ce to in zauna, irina yake jira tun safe.

Bai hura wuta ba sai da ya yi mini tambayoyin da ko a gidan likita ba a taɓa yi mini ba. A tsaye nake yanka ko a zaune? A kan katako, ko a hannu irin yadda mata ke yanka albasa suna jawo wuƙa zuwa babban yatsa? Ƙashi nake sara ko gaɓa nake bi? Ya miƙo mini guntun icce ya ce in riƙe yadda na saba riƙe wuƙa, ya sa gawayi ya shata inda hannuna ya tsaya. Na ce malam rana tana yi, tukunya tana jirana. Ya ce tukunyar da ake yi wa aiki da inoks ai ta saba jira.

Sai ya jawo tarin ƙarafa daga ƙarƙashin tabarma. Lam ne, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota daga ƙasa, wanda hanyar daji ke karyawa direbobi su yar. Yana ɗaga kowanne da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kara kunne. Wannan ya gaji, in ji shi. Wannan akwai tsaga a cikinsa. Wannan na ƙaramar mota ne, ba shi da zuciya. A ƙarshe ya zaɓi wani gutsure baƙi wuluk mai tsatsa, wanda ni ko kyauta aka ba ni ba zan ɗauka ba, ya ce na tsohuwar kamiyo ne, babbar motar kaya, irin ƙarfen da aka daina yi.

Washegari na bar rumfa a hannun maƙwabciya na dawo na zauna masa, don ban yarda da shi ba. Hannu ɗaya yana kan zugazugin fatar akuya, ɗaya yana juya ƙarfe cikin gawayi. In ya yi ja ya ciro da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera da ke kafe a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya yi ta duka. Ya bar gadon bayan da kauri saboda ƙashi, ya buɗe cikin daga wajen mariƙi, ya sirantar da shi zuwa gaba. Na ce tsinin ya yi gajere. Ya ce ba yaƙi zan tafi ba, kuma dogon tsini a rumfar abinci hannun mai shi yake nema. Wuri ɗaya ne ya hana ni magana, wurin shayar da wuƙar. Ya ja tabarma ya tare hasken ƙofa don ya ga launin ƙarfen sosai, ya jira har jan ya kai inda yake so, ya tsoma bakin cikin baƙin man mota da ke wani gwangwani. Hayaƙi ya turnuƙe mu, na yi ta tari. Ya goge ta, ya ɗora gadon bayanta kan garwashi a hankali har bakin ya yi launin zuma. Ya ce wutar farko taurin kai take ba ta, ta biyun ke koya mata haƙuri, kuma da ni ma an yi mini ta biyun da mijina ya huta. Ya sa mata mariƙin iccen aduwa daidai shatar gawayin nan, ya kafe da ƙusoshin jan ƙarfe, matarsa ta ɗinka mata kube na jar fata.

Ba zan ɓoye ba, na so wuƙar nan. Tana shiga nama ba ta tambaya. Gaɓar da nake kokawa da ita, sai in ji ta rabu kafin in sa ƙarfi. Albasa ma ta rage sa ni hawaye, don yanzu yanka ta ake yi, ba matsewa ba. Aibinta ɗaya, baƙin ƙarfe ba ya son laima, sai an goge an shafa mata mai kowace yamma, in ba haka ba ta kwana da tsatsa. Direbobi kuwa na ɗaure musu inoks da igiya a jikin dirkar rumfa, na ce wanda ya taɓa baƙar zai ci shinkafarsa ba miya.

Ban daɗe ina morewa ba aka haihu a gidan hayar da muke. Gidan kusan duk matan 'yan zinariya ne, mazan suna daji. Mai gidan wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, ita ke tsaya wa masu haihuwa, ita ke yi musu wankan jego. Ina shirin fita da safe ta tare ni a ƙofa ta ce in ba ta wuƙata.

A wajenmu ba a barin jariri ba ƙarfe a kansa. Wuƙa ake sawa cikin kubenta ƙarƙashin shimfiɗa wajen kai, saboda iska da mugun baki, har a yi arba'in. In uwar za ta zagaya bayan ɗaki ta tafi da ita a hannu. A da wuƙar uban ake sawa, to yanzu uban ya tafi daji da tasa a ƙugu. Na ce Gwaggo ga inoks nan, kwashi duka. Ta dube ni kamar na miƙa mata cokali. Ta ce abin da bai shiga wutar maƙera ba ai ba ƙarfe ba ne. Na ce yanzu aljanin har ya san wadda aka yi a kamfani? Ta ce, "Ɗiyata, arba'in ne kawai, kamar gobe ne." Na ba ta. Ni ma da na haifi nawa an sa musu, kuma ba a kallon idon Gwaggo a ce a'a.

Na koma wa inoks ina tsaki. Da aka maido mini ita sai da na kusa kuka. Ɗakin jego ba abin da ke cikinsa sai tururin ruwan zafi, kuben ya sha laima, ba wadda ta taɓa zaro ta ta goge. Ta yi ja da tsatsa tun daga mariƙi har tsini. Na zauna tsakar gida da toka da dutsen wasawa ina gurzawa, ina faɗa da ƙarfi don duk gidan su ji.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Mazan tare suke dawowa hutun salla, tare suke komawa, saboda haka haihuwar ma a jere take zuwa kamar motocin ayari. Aka sake ara. Ranar arba'in na je karɓa, aka ce ai tun jiya ta wuce gidan gaba, an samu ƙaruwa. Na bi can, na tarar da mai jego kwance da ɗanyen jiki, uwar mijinta tana yi mini sannu da zuwa tana sa mini albarka. Wa zai sa hannu ƙarƙashin kan jariri ya zare wuƙa a gaban mutane? Na yi barka na fito ina cizon yatsa. A gida na uku bakwaini aka haifa, ɗan mitsitsi, kowa ya fid da rai, yaron ya tashi ya yi ɓul-ɓul. Shi ke nan, wuƙata ta yi suna. Wai wuƙar mai shinkafa ba a taɓa rasa ɗa a ƙarƙashinta ba. Mata masu ciki da ban sani ba suka riƙa biyowa rumfa suna gaishe ni har ƙasa, suna gaya mini watan da suke ciki, ni da ban tambaye su ba. Malamin unguwa ya yi wa'azi a wani suna ya ce wannan canfi ne, ƙarfe ba ya tsare kowa sai Allah. Na ji daɗi har na aika masa da tuwo. Da matarsa ta haihu, ƙanwarta aka turo wajen Gwaggo a ɓoye a tambayi inda wuƙar take.

Na koma wurin maƙeri na ce ya yi mini wata irinta sak. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce shi wuƙar girki ya ƙera, bai san ungozoma ya ƙera ba. Amma gutsuren lam ɗin nan ya ƙare, sai da wani ya yi. Ta biyun ba laifi, ta fi inoks nesa ba kusa ba, sai dai kanta ya fi nauyi, tana jan hannu gaba, kuma in ta sari ƙashi bakinta yakan ɗan ɓalgace. Kafin la'asar wuyan hannuna ya ɗauki zafi, tabon tafin nan ya fara zugi. Na yi masa ƙorafi ya ce ko 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya. To, na ce, ga mafita, wannan ita ma baƙin ƙarfe ce, ta shiga wutar maƙera, har da kubenta. Na kai wa Gwaggo na ce a ba masu jego wannan har abada, na bar musu, a maido mini tawa. Ta juya ta, ta shinshina, ta miƙo mini. Ta ce wannan ba ta taɓa kwana kan kowa ba, wace uwa za ta yarda a fara gwaji da ɗanta?

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Na bincika gidan da take da ranar da za su yi arba'in, na je tun ba su gama wanka ba na zauna a ƙofar ɗaki, na ƙi ruwa na ƙi kunu har aka miƙo mini. Na dawo na tsaya tsakar gidanmu na ce kowa ya ji, an rufe. Mai son wuƙa ta san hanyar maƙera. Na goge tsatsa, na sa igiya a kuben na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani. Aka yi ta gulmata, wai ba ni da tausayi, ko a jikina. Na samu watanni ina aiki hannuna lafiya.

Wata rana da azahar wata yarinya ta zo rumfa, siririya, ciki ya yi mata nauyi. Ba ta sayi abinci ba. Ta zauna a ƙarshen benci har masu ci suka ragu, sannan ta matso ta durƙusa.

"Inna, ke ce mai wuƙa?"

Na ce kowa a tashar nan mai wuƙa ne, kuma tawa an daina ara.

Ba ta roƙe ni ba, da ta roƙa da na fi samun bakin korarta. Ta ce daga wani ƙauye take wajen Damagaram, mijinta ya kama mata ɗaki a unguwar Dagmanet ya wuce daji. Wannan cikin na uku ne. Na farkon bai kai suna ba, na biyun ya rasu yana koyon zama. Tana faɗa tana kallon ƙasa, kamar mai ba da labarin wata.

Na ce, "'Yar nan, a gabana aka ƙera wuƙar nan. Ƙarfen ƙarƙashin kamiyo ne, da man mota aka shayar da ita. Ki je matarnite, asibitin haihuwa, ki yi awo, ki sha abin da suka ba ki."

Ta ce tana zuwa, ba ta taɓa fashi ba. Ta ce, "Na sani, Inna. So nake dai in ga ban bar komai ba cikin abin da ake yi."

Na ji haushinta, na ji haushin Gwaggo da duk wadda ta kai labarin har Dagmanet, na ji haushin kaina don na san ta riga ta ci ni, zan ba ta. Na zazzage mata duka, yadda ake maido mini ita ja da tsatsa kamar an tono ta daga rijiya, yadda ake wucewa da ita gidan gaba ba sallama, yadda hannuna ke kumbura. Na ce in ta haihu ta aiko, amma ranar arba'in da ƙafarta za ta kawo mini nan rumfa, ba ta hannun kowa ba. Ta ce to, ta yi godiya, ta tashi da ƙyar. Na zuba mata shinkafa a leda ta tafi da ita.

Da ta sauka wata maƙwabciyarta ta zo, na kwance igiyar na ba ta ina mita. Mace aka samu. Ranar suna na je da kwanon abinci, ba taro sosai tunda uban bai samu dawowa ba. Jaririyar 'yar ƙarama ce mai yawan gashi, tana ta mutsu-mutsu da hannu. Na hango bakin jan kuben ya leƙo daga ƙarƙashin zanin da aka shimfiɗa mata. Uwar ta ga inda nake kallo ta yi murmushi, ta ce kullum tana shafa mata mai. Na ce wa, jaririyar ko wuƙar? Ta ce duka biyun.

Lokacin kuwa aiki ya yi yawa, motoci na ta lodi, sai in yanka akuya guda kafin rana ta take. Ta biyun nan ta sa wuyan hannuna ya kumbura har na koma ɗaure shi da ƙyalle. Duk direban da ya zauna sai ya ji labarin, har suka riƙa tsokanata suna tambaya ko an yaye wuƙar. Ina ce musu wannan ne na ƙarshe, ko 'yar wa za ta haihu.

Arba'in da sauran tafiya, ina tsakiyar zuba wa mutane abinci, na ɗaga kai na gan ta tsaye a bakin rumfa. Na aje ludayi na fara faɗa, wace irin yarinya ce ke, da ɗanyen jego za ki fito cikin iskar nan, wa kika bar wa... Ban ƙarasa ba. Bayanta ba goyo. Gaban rigarta ya jiƙe da nono.

Ta miƙo mini wani abu naɗe cikin ƙyalle da hannu biyu. Ta ce shekaranjiya ne, zazzaɓi, sun kai ta likita amma kwana ya ƙare, maƙwabta sun rufe ta. Na warware ƙyallen don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na zaro wuƙar. Ba ɗigon tsatsa, bakin yana walƙiya, sabon wasawa.

Ta ce, "Na biya wajen maƙerin ya wasa miki. Kin ce kullum a lalace ake maido miki."

Na ce wa ya aike ki? Wa ya ce ina nema yanzu? Faɗa nake yi mata, hawaye suna zuba, masu ci duk sun aje cokula. Ban taɓa jin baƙin ciki da abin hannuna ya dawo mini ba sai ranar. Na zaunar da ita bayan tukwane na ba ta ruwa. Abin da ya kawo ta na biyu, inda mijinta yake waya ba ta shiga, bai ma sani ba, tana so in haɗa ta da direban da zai bi ta can ya gaya masa. Na samo mata wani dattijo cikinsu mai hankali, ta faɗa masa ramin zinariyar da mijin ke aiki da garinsu. Bayan 'yan kwanaki 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita kudu, ban sake ganinta ba.

Daga ranar ba wadda ta sake zuwa aro. Masu cikin da ke gaishe ni har ƙasa suka koma wucewa ta ɗaya gefen hanya. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Da yaran suka rayu ba wuƙar ce ta raya su ba, na sha faɗa, yanzu kuma an ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ƙarfen kamiyo ne jiya, shi ne yau.

Da aka sake haihuwa a gidanmu, ɗakin da ke kallon nawa, ban jira an tambaye ni ba. Na goge ta, na shafa mai, na sa a kube, na tsallaka tsakar gida da ita a hannu. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta saki labulen a bayanta. Ta dubi abin da ke hannuna, ta ce an riga an samo wata a gidan mahauta.

Na ce wannan fa, ga ta na kawo da kaina.

Ta ce, "Ai kin daɗe kina nema, ɗiyata. Riƙe abarki."

Ba ta matsa daga ƙofar ba sai da na juya.